Rodin da Ya Karya Hannun Rahmat

Rahmat 'yar Alhaji Nasidi ce, mai shagon atamfa a Yerwa. Kakanninta daga Kano suka zo, amma ita a Maiduguri aka haife ta, tana jin Kanuri kamar Hausa. Bayan ƙaramar sallah aka ɗaura aurenta da Ba'ana mai walda, ɗan Konduga, wanda yake haɗa ƙofofi da tagogi a wata rumfa a Wulari. Kowa ya san yana saurayi ya yi aikin 'yan gora, samarin da suka tashi tsaron unguwanni lokacin da rikici ya yi tsanani. Ita ma ta sani. Sai dai Ba'anan da ta aura mutum ne mai sanyin magana. Yakan dawo idanunsa jajir saboda wutar walda, ya zauna yana taya ta tsince itacen turaren wutar da take haɗawa tana sayarwa, suna hirar yadda za su je Kano bayan damina ta nuna shi wa kakarta.

Wata Laraba da azahar ta kai masa abinci rumfa. Tana bakin titi tana amsa waya, sai wani keke napep ya rage gudu kusa da ita. Wani mutum ya ziro hannu ya cafki wayar. Ta riƙe, ya zaro wuƙa ya tsarge ta a tafin hannu. Direban ya fizgi keken, tayar ta faɗa kwata, ɓarawon ya wuntsulo ƙasa.

Rahmat ba ta ga fitowar Ba'ana ba. Ƙarar rodi a kan mutum kawai ta ji. Ya maka masa a gwiwa, mutumin ya zube. Ya ƙara masa a haƙarƙari, ya ƙara a fuska, jini ya fantsama har kan kular abincin. Dzarma, abokin aikinsa, ya rungumo shi ta baya, Ba'ana ya watsar da shi cikin tarin ƙarafa. Abin da ya fi tsorata ta shi ne Ba'ana ba ya zagi, ba ya huci. Fuskarsa a sake take, kamar lokacin da yake miƙar da ƙarfe.

"Ya Ba'ana, ya isa, za ka kashe shi," in ji ta. Bai ji ba.

Ta faɗa kan ɓarawon ta ɗaga hannu. Rodin ya riga ya taho. Ta ji ƙas a damtsenta, duniya ta juya mata.

Ta farfaɗo a asibiti. Ɓarawon yana wani ɗakin, ya rasa ido ɗaya, Ba'ana kuma yana hannun 'yan sanda. Da ƙyar dattawan unguwa suka karɓo belinsa. Alhaji Nasidi bai jira komai ba, ya kwashe 'yarsa ya mai da ita Yerwa.

"Wanda ya karya ki yau, gobe gawarki zai aiko min," ya ce.

"Baba, ba ni ya nufa ba."

"To ai shi ya fi muni. Bai ma gan ki ba."

Ta san gaskiya ya faɗa. Kullum da la'asar Ba'ana yakan zo ya tsuguna a ƙofar gidan, ba a ce ya shigo ba, shi kuma bai nema ba. Hannun ya ƙi haɗuwa daidai. Daga ƙarshe mahaifiyarsa, Ya Kellu, ta zo da kanta daga Konduga, ta roƙi a ba ta surukarta ta kai ta wurin wani maɗori da ta yarda da shi. Alhaji ya ji nauyin tsohuwar, ya bari.

Maɗorin ya sake karya ƙashin kafin ya ɗora, mata biyu suna danne da ita. Da ta daina kuka, Ya Kellu ta shafa mata kai ta ce, "Mijinki yana cikin karan dawa a ɓoye aka yanka ubansa a gona. Yana kallo. Washegari ya ɗauki gora. Bai taɓa ba ni labarin abin da ya yi da ita ba, ni ma ban tambaya ba."

Lokacin girbin wake ne. Ba'ana ya biyo su Konduga ya zauna yana gyara wa mutane garma da ƙofofi. Wata safiya aka ji harbi daga gonakin gabas, can sai ga mata a guje, wasu ba mayafi. 'Yan bindiga sun afka wa masu roro. Samari suka fito da adduna da bindigogin toka. Kashim, tsohon abokin gorarsa, ya tsaya a ƙofar gida ya miƙo masa adda.

Rahmat ta ga fuskar nan ta ranar ɓarawon ta dawo wa Ba'ana. Ta fito da hannunta a rataye cikin tsumma, ta tsaya tsakaninsu.

"In za ka, ba zan hana ka ba," ta ce. "Amma ka dube ni tukuna. Ina da ciki."

Ya dube ta, ya dubi hannun. Sannan ya ce wa Kashim, "Ku je. Ni zan biyo ku da amalanke."

Shi ya turo gawawwakin. Akwai wani dattijo da aka sare wa wuya, akwai mace da ta mutu da ƙwaryar wake a hannu. Ya taya wanka, ya taya haƙa. Da ya dawo, rigarsa ta bushe da jinin mutane, ya zauna a bayan ɗaki ya yi ta kuka. Rahmat ta kawo ruwa ta ajiye, ta zauna nesa kaɗan har ya gama.

Sun koma Wulari hannunta ya haɗu, sai dai ba ya ɗaguwa sama da kafaɗa, don haka Ba'ana ne yake juya mata tukunyar turare. Dzarma ya haɗa shi da wata likita mai sauraron waɗanda rikicin ya taɓa, yana kuwa zuwa. Maganar ɓarawon tana kotu, ba su san yadda za ta ƙare ba.

Auren ya cika shekara cikinta ya tsufa. Alhaji Nasidi ya fara amsa gaisuwar Ba'ana, ko da yake a taƙaice. Shirinsu yanzu shi ne idan ta haihu, kotu kuma ta sallame shi, zai koyi aikin tagogin alminiyam, su nemi rumfa mai ɗaki a baya inda za ta riƙa sayar da turarenta. Ya Kellu ta ƙi barin Konduga. Ta ce sai dai su kawo mata jaririn ta gani.