Littafin da Aka Bar Mana Mu Biyu

Akwai abu guda da na yi ina saurayi wanda da ana sake rayuwa da ban yi shi ba. Na karanta wa mutumin da bai iya boko ba littafi, na faɗa masa rabi na ɓoye rabi, don kawai in riƙa cin sa a wasa. Ban taɓa cin iyakar gonar kowa ba, ban taɓa shaidar zur a gaban alƙali ba, amma wannan ya zauna mini a rai har tsufa. Zan faɗe shi yadda ya faru, ba ragi.

Bokona bai yi nisa ba. Firamare na gama a Gaya, sai ɗan Turancin da na tsinta daga baya. Shi ya samar mini aikin tafinta wajen wani injiniya Ba'indiye da aka turo haƙa rijiyoyi a ƙasarmu bayan an gama yaƙin basasa. Mukan fita da Landirobarsa zuwa Balan ko Gafasa, ya yi magana in fassara wa lebura. Idan rana ta take aka tashi hutu, sai ya zauna a gindin tsamiya ya buɗe wani ɗan akwati mai gidaje fari da baƙi, ya jera 'ya'yan katako yana wasa shi kaɗai. Da ya ga ina yawan leƙe, ya ce in zauna.

Mu darar Turawa muke ce mata. Shi kuwa idan ya ji haka sai ya ɓata rai, ya ce daga ƙasarsu Turawa suka aro ta. Ya koya mini sunayen 'ya'yan yadda ake kiran su can: sarki, waziri, giwa, raƙumi, doki, sai sojoji takwas a gaba. Kowanne da irin tafiyarsa, kuma duk wanda aka kulle wa sarki an cinye shi. Ban yi wata biyu ba na kama hannu, kuma ba yabon kai ba, ina da kai a wannan wasa.

Abokin wasana na gaskiya wani tela ne a Ajingi. Ya girme ni da shekara biyar ko shida, ya sauke Alƙur'ani, yana rubuta ajami mai kyau kamar an buga, amma ko baƙin boko ɗaya bai sani ba. A darar gargajiya ta kara da dutse babu mai zama gabansa a kasuwar nan. Wata ranar kasuwa muka kai masa wandon injiniya ya yi faci, ya ga akwatin a hannuna, ya tambaya. Kasuwa uku kawai ya yi yana kallo, ta huɗu ya cinye ni. Daga baya ya haɗa guntayen ƙyalle fari da baƙi ya ɗinka mana shimfiɗar wasa, ya feƙe katakon da ake naɗe zare a kai ya yi manyan 'ya'ya, maɓallan riga suka zama sojoji.

Duk ranar kasuwar Ajingi nakan hau keke in je. Yana hango ni zai ɗage ƙafa daga keken ɗinki.

"Ga ɗan boko ya kawo sarkinsa yanka."

"Malam, ka dai ƙarasa rigar mutane tukuna. Mai ita na can yana jira tun Sallar bara."

"Rigar ba ta gudu. Zauna in yi maka aski."

Abin da ya dame mu duka biyun shi ne farkon wasa. Tela ya saba cewa dara tun a zubi ake cin ta, wanda ya zuba 'ya'yansa ba daidai ba sai dai ya yi ta wahala. Muka lura nan ma haka ne. Injiniya kan gama da mu tun a tafiya goma ta farko, saura duk jan rai ne. Muka tambaye shi sirrin, ya ce abu uku ne: ku riƙe tsakiyar fili, ku fito da dawakai da raƙuma kafin waziri, ku kai sarki lungu da wuri. Shawara ce mai kyau, har yau ita nake ba duk wanda ya tambaye ni. Amma ya ce akwai hanyoyin buɗe wasa da manya suka tsara tun da daɗewa, suna nan a littattafai.

Muka shiga nema. Na je Kano na zaga kantunan littattafai uku. Na farko ya ce bai taɓa ji ba, na biyu ya miƙo mini allon ludo, na uku ya ce in dawo bayan wata shida. Sai na koma bin tsofaffin jaridun Turanci da masu tsire ke naɗe nama da su, domin wata sa'a akan sami ɗan zanen wasan a shafin baya. Na tara guda bakwai, duk mai ya ɓata su, kuma duk ƙarshen wasa suke nunawa, ba farko ba.

A shekarar da aka koma tuƙi ta hannun dama aikin rijiyoyi ya ƙare. Ranar da injiniya zai tafi ya biya ta rumfar tela, ya ciro wani ɗan littafi mai jan bango wanda gefensa ya lanƙwashe, ya ɗora a kan shimfiɗar wasanmu. Ya yi magana, ni na fassara da bakina: littafin na buɗe wasa ne, ya bar mana mu biyu, mai karatu ya karanta wa marar karatu.

Tela ya ɗauki abin kamar karatun allo. Ya sami takardar buhun siminti ya yanka daidai, ya sa wa layukan gidajen wasan haruffan ajami da lambobi. Kowace kasuwa in biya masa buɗi ɗaya, ya rubuta da tawada, ya manna a jikin keken ɗinki yana maimaitawa yana taka keke. Sai ya haddace ya kawo mini, sannan in yi masa ƙari. Har ya daina ce mini ɗan boko idan littafin na hannuna, sai ya ce Malam. Wannan Malam ɗin ya yi mini daɗi fiye da kima.

Ga yadda littafin yake. Kowane shafi yana kawo hanya, sai ya nuna tafiyar da take kama da mai kyau amma tarko ce, ya bi ta har inda mai yin ta zai faɗi. A ƙasa kuma da ƙananan baƙaƙe ya faɗi tafiyar da ta dace. Wata uku na farko na karanta masa komai. A cikin wata ukun nan ya cinye ni fiye da yadda na cinye shi, kuma a gaban jama'a, domin zuwa lokacin 'yan kasuwa sun fara taruwa kallo. Wani mai sayar da gyaɗa ya ce, "To ina amfanin bokon, tunda mai allo ke kayar da kai?" Aka yi dariya. Na hau keke na koma Gaya maganar tana cina.

Kasuwa ta gaba na biya masa wani buɗi inda mai fararen 'ya'ya ke barin soja ɗaya a banza. Littafin ya nuna idan mai baƙaƙen 'ya'ya ya fito da waziri ya ci sojan nan, bayan tafiya kaɗan wazirin zai rasa hanyar komawa gida. Na karanta masa har inda waziri ya ci soja, na rufe littafin. Ƙananan baƙaƙen na bar su a cikina.

Ya daɗe yana kallon shimfiɗar.

"Malam, raina bai kwanta da wannan ba. Wazirin ya yi nisa da gida."

"Haka aka rubuta."

"To. Wanda ya rubuta ya fi ni sani."

Ya tsoma alƙalami ya rubuta. Mutum ne da ya tashi a kan cewa abin da ke rubuce ba a gardama da shi, kuma mai biya maka karatu ba ya tsallake layi. Na san haka sarai, da shi na yi amfani.

Ban tsaya a shafi ɗaya ba. Na yi haka a wurare da yawa, kuma na iya zaɓe. Ban ba shi wanda zai kashe shi nan take ya gane ba, sai wanda zai bar shi a takure, doki a lungu, raƙumi a bayan sojansa, ya fito daga farkon wasa yana ɗingishi. Duk da haka yakan ƙwaci kansa wani lokaci da tsabar basira. Amma yawanci ni ke ci. Kusan shekara biyu ina zuwa Ajingi ana nuna ni. Idan ya faɗi sai ya ɗauko takardarsa ya duba ko haddarsa ce ta zube, ya ce, "Kaina ne ya fara tsufa." Ni kuwa in ce masa ya ƙara tilawa.

Abin ya tonu ta inda ban zata ba. Yakan je Kano sarin yadi gabanin Sallah, wajen wani dattijo Kwara, irin fararen fatar nan masu kantin yadi. Wata rana ya tarar da shi yana wannan wasa da ɗan'uwansa a bayan kanti, ya tsaya kallo, har aka ba shi wuri. Ya kawo haddarsa tiryan-tiryan, ya fito da waziri ya ci sojan banza. Dattijon ya riƙe masa hannu, ya ce da Hausarsa ta 'yan kanti, wa ya koya maka wannan? Ya ce littafi. Dattijon ya ce babu littafin da zai ce haka, sai dai in yana nuna abin da ba a yi. Ya mayar da 'ya'yan, ya nuna masa a fito da doki a ƙyale sojan. Tela ya ciro takardunsa daga aljihu, suka bi su ɗaya bayan ɗaya. Duk wannan daga baya na ji, daga bakin direban motar da ya dawo da shi.

Ranar kasuwa na zo kamar kullum. Bai tsokane ni ba, ya dai shimfiɗa ƙyallen ya ba ni fari. Na bar masa sojan nan. Ya dube shi, ya dube ni, ya fito da doki. Daga nan ban ƙara gane gabana ba, domin na saba da mutumin da na ɗaure wa ƙafa, na manta yadda yake tafiya a sake. Bai kai tafiya talatin ba ya kulle mini sarki. Muka sake, ya sake ci. Masu kallo suka watse don la'asar ta yi.

Sai ya ce, "Ba ni littafin nan in gani."

Na miƙa masa. Ya buɗe yana bin zanen har ya kai shafin, domin zane ba ya bukatar boko. Ya ɗora yatsa a kan ƙananan baƙaƙen.

"Wannan fa, me ya ce?"

Na karanta masa. Ban tsallake ko baƙi ɗaya ba.

"Yau ka gan shi, ko tun tuni?"

"Tun tuni, Malam."

Ya rufe littafin a hankali ya mayar mini. Ya ɓamɓare takardun da ke jikin keken ɗinki, ya ninke su ya sa a ƙarƙashin tabarma. Ya ce, "Tashi mu yi salla."

Bai zage ni ba, bai faɗa wa kowa a kasuwa ba. Mun ci gaba da wasa shekaru, kuma wasanmu ya fi na da kyau, don ya koma tsara buɗinsa da kansa, idan ya je Kano ya gwada a bayan kantin nan. Na ce zan sake biya masa littafin daga farko, kowane layi. Ya ce in bar shi, ya gode.

Ban san girman abin da na rasa ba sai wata rana da aka kawo masa wasiƙa daga ƙanensa da ke aikin soja a kudu, an rubuta da boko. Ina zaune a rumfarsa, gwiwata na taɓa tasa. Ya juya ambulan ɗin, ya sa a aljihu, ya ce in duba masa rumfa. Ina kallo ya ratsa kasuwa a cikin rana, ya tafi har makarantar firamare neman wanda zai karanta masa. Da ya dawo ya zauna ya ce, "Tafiyar wa ce?" Muka ci gaba.

Na nemi gafararsa kafin ya rasu, ya ce ya yafe tun ranar, kuma na yarda ya yafe, don ba ya faɗin abin da ba haka ba. Amma har ya koma ga Allah bai ƙara miƙo mini takarda ba, ko ta asibiti.

Ku da za ku karanta wannan, yawancinku kun fi ni ilimi nesa ba kusa ba. Ku nemi littattafan wasan nan, ku tambayi waɗanda suka fi ku, kuma duk tafiyar da ranku bai kwanta da ita ba ku tsaya sai kun ga dalilinta. Roƙona ɗaya ne. Idan wani ya zauna gabanku ya ce ku karanta masa abin da idonsa ba ya iya karantawa, ku karanta masa har ƙasan shafi, ko da gobe da shi zai kayar da ku. Kada ku yi abin da na yi.