Farar Albasa a Cikin Silin

Ku da kuka tarar da aikin nan a zamanin rimot, akwai wata rana da har yau ba ta bar raina ba, duk sanda aka yanka albasa a gidana sai ta dawo mini sabuwa fil. Lokacin ba a ba mu jiha ba tukuna, komai daga Sakkwato ake turo shi. Ni kuma ina ƙaramin mai gyaran lantarki a Birnin Kebbi, a ƙarƙashin Injiniya Bello.

Ƙa'idar aikinmu ita ce, da sanyi ya fara janyewa, kafin bazara ta kankama, sai mu bi ofisoshin gwamnati ɗaya bayan ɗaya. Mu wanke ragar iyakwandishan, mu zuba wa fankoki mai, mu leƙa cikin silin mu tabbatar ramukan shan iska na jikin gini a buɗe suke. In an gama, Injiniya da kansa yake zuwa gwaji. Mutum ne mai sanyin magana, amma ba ya wasa da doka, kuma kowace fanka sai ya murɗa ta har lambar ƙarshe, ya tsaya a ƙarƙashinta yana saurare.

A shekarar babu wanda ya kai Alhaji Ɗanjuma kukan zafi. Shi ne shugaban wani ofis a Argungu, tsohon gini mai dogon rufi wanda a da aka san shi da sanyi. Alhaji ya hana mu sakat, wai ofishinsa ya koma tanda. Aka miƙo mini sabuwar fanka a kwali, aka ce in yi sammako in ɗaura ta, Injiniya zai biyo bayana da azahar.

Ina isa na nemi tsani. Tsanin yana hannun maigadi, Baba Manu, dattijon da 'yan watanni suka rage masa ya ajiye aiki ya fara karɓar fansho. Maimakon tsani sai ya kawo mini shayi. Na shanye, na ce tsani. Ya kawo gasasshen kifi. Ni kuwa ban taɓa yi wa kifin Argungu gardama ba. Sai da na suɗe yatsu ya ja ni bayan ɗakin gadi.

"Ɗana, fankag ga ba ta liƙuwa daga ƙasa?"

"Da mi zan liƙa ta, Baba, da ƙaro? Ƙugiyarta sai ta kama katakon rufi. Dole in hau."

Ya riƙe haɓa. "To in ka hau, don Allah ka bar idanunka nan ƙasa."

Na hau da idanuna. Ina ɗaga murfin silin wari ya yi mini sallama. Albasa ce shimfiɗe daga bango zuwa bango! Ashe lokacin cirar albasa ne, kowa a ofishin yana da 'yar fadamarsa, kuma wani mai basira ya gano cewa rufin gwamnati ya fi rumbun gida iska. Masinja ya fara, akawu ya bi, sauran suka rufa musu baya. Kowa na son tasa ta sha iska, shi ya sa suka jibge buhuna a bakin ramukan har suka toshe su ruf. Tarin da ya fi kowanne girma yana daidai saman teburin Alhaji, kuma albasar tarin nan kaɗai ce fara, sauran duk ja ce.

Na sauko na tarar da Baba Manu yana share zufa.

"Ni nih hau da ita duka," in ji shi. "Alhaji yac ce in anka gane, shi bai san zance ba. Ni ad da tsani, ni ad da mabuɗi. Ni za a kora, ɗana, ga fansho ina hangen shi."

Gaskiya ya faɗa, domin mai da ginin gwamnati wurin ajiya laifin kora ne. Tausayinsa ya kama ni ƙwarai. Na koma na ɗaura ƙugiya na rataye fanka, na yi ƙoƙarin janye albasar gefe, amma ina, ba aikin mutum ɗaya ba ne. Allon silin kuwa ya riga ya lotsa. Na ce wa Alhaji cikin ladabi, "Yallaɓai, silin ɗinka ya yi ciki."

Ya harare ni ta saman tabarau. "Fanka anka aiko ka yi, ko ungozoma?"

Da azahar motar Injiniya ta tsaya. Alhaji ya tarbe shi a bakin mota da kwandon albasa fara sol, tsarabar baƙo.

"Injiniya, wagga ta gonata ta. Duk Argungu ni ɗai ad da irin ga. Tahi Zauro, tahi inda kaka so, in kag ga fara awa wagga, tawa ta."

Injiniya ya yi godiya, aka sa kwando a mota, muka shiga gwaji.

Lamba ɗaya, lafiya lau. Lamba biyu, takardu suka fara motsi, Alhaji ya lumshe ido yana hamdala. A ta uku na ji silin ya yi wata 'yar ƙara.

Na ce, "Injiniya, sabuwa ta, a bari ta saba tukuna."

"Fanka amarya ta da za ta saba?" Ya murɗa ta ƙarshe.

Allon ya ɓare daga gefe, albasa ta zubo. Wadda ta faɗo kai tsaye ma da sauƙi. Wadda ta faɗa kan fukafukan fanka ita ce bala'i, don fanka ta riƙa harbo ta ko'ina kamar daga danƙo. Ɗaya ta tafi da hular Alhaji. Ɗaya ta sami akawu a goshi daidai lokacin da ya leƙo ya ga abin da ke faruwa. Alhaji, da duk girman jikinsa, ya shige ƙarƙashin tebur, ban san ta ina ba. Da rarrafe na kai ga makunni na kashe.

Alhaji ya fito da ɓawon albasa a gemu, ya daka tsawa.

"Manu! Wa yam mai da ginin gwamnati rumbu? Injiniya, ka gani da idonka. Yau tsohon ga ya bar aiki!"

Baba Manu yana tsaye a bakin ƙofa. Dariyar da nake dannewa ta gudu, raina ya ɓaci. Na buɗe baki, Injiniya ya ɗaga mini hannu. Ya duƙa ya ɗauki albasa ɗaya a ƙasa, ya fita zuwa mota, ya dawo da wata daga kwandon. Ya jera su kan tebur, ya juya wannan, ya juya waccan.

"Alhaji, mi kac ce mini ɗazu bakin mota?"

Alhaji ya ce, "Ai... wataƙila irin ya bazu."

"Daga azahar zuwa yanzu?"

Akawu, da ƙullutu a goshi, shi ya fara fashewa da dariya.

Injiniya bai ɗaga murya ba. Ya ce Alhaji ya gyara silin da kansa, kowa ya hau ya sauko da tasa da hannunsa, aikin Baba Manu riƙon tsani kawai. In kuma ya ji an taɓa tsohon nan, albasan nan biyu zai ɗauka ya kai Sakkwato su yi bayani. Ya sa aka mayar da kwandon tsaraba.

Wallahi na ga Alhaji Ɗanjuma ya naɗe babbar riga yana hawa tsani, Baba Manu na riƙe da shi yana cewa, "Sannu, Yallaɓai, taka a hankali." Ana janye buhunan daga ramukan, iska ta ratsa ginin, ofis ya yi sanyi tun kafin a sake kunna fanka.

Baba Manu ya gama aikinsa lafiya, ya ci fanshonsa shekaru. Bayan ya ajiye aiki ya zo har Birnin Kebbi da ƙullin albasa ja, ya ce, "Ci ba tsoro, ɗana, wagga ba ta taɓa aikin gwamnati ba."

Tun daga ranar, in an ce mini wuri ya yi zafi, kafin in zargi na'ura sai na duba abin da mutane suka tare iska da shi. Kuma ku riƙe wannan: duk inda kuka nemi tsani aka kawo muku kifi, ku ci kifin, sannan ku hau.