Rumbun da Aka Buɗe a Tajaye

A ƙauyenmu da ke kusa da Tajaye, mace ba ta leƙa rumbun mijinta. Shekarar da nake aji uku a lakwal, babanmu ya liƙe bakin nasa da laka ya tafi ci-rani Abijan, ya bar mana hatsin da ya ce zai kai mu har ya yi aike. Aike bai zo ba, hatsin ya ƙare. Ƙanwata Hadiza, da aka yaye ba da daɗewa ba, ta rame har ta daina kuka. Kullum Inna, mahaifiyarmu, tana wuce rumbun da kai a sunkuye.

Kaka, uwar babanmu, tsohuwa ce mai baki, amma ko ita ba ta iya cewa a fasa rumbun kai tsaye. Bayan magariba ta tara mu bakin murhu, ta tura kara a wuta, ta ce yau tatsuniyarta ba ta Gizo ba ce, ta matattu ce, kuma kada mai dogon baki ya kai wa liman, Allah kaɗai Ya san gaibu. Ni take nufi.

Wai a kan hanyar lahira akwai wani zango, inda ake miƙa wa kowa abin da ya fi tsarewa a duniya. Mai rowar rijiya aka ba shi rijiya ba guga. Wata mata da ta ciyar da 'ya'yan maƙwabta aka zaunar da ita inuwar gawo, yara suna dama mata fura. Sai ga wata mai haƙuri, wadda yunwa ta kashe ita da 'yarta a gindin rumbu cike. Aka yi mata sannu da biyayya, aka nuna mata rumbu liƙe, aka ce ta ci gaba da gadi har mai shi ya zo.

Na tambaya yaushe zai zo. Kaka ba ni ta kalla ba.

"Har yau tana nan zamne, angona. Ɗiyatta na tambayatta, Inna, mi munka yi?"

Inna tana bayanmu da Hadiza a cinya.

Washegari da hantsi muka ga Inna ta jingina tsani, ta ɗaure zane tamau, ta hau da taɓarya. Maƙwabta suka leƙo ta kan darni. Tsoro ya kama ni, sannan wani alfahari da ban taɓa jin irinsa ba. Laka ta zube, damin gero ya faɗo ƙasa, Kaka ta rangaɗa guɗa kamar ranar biki. Kafin azahar Hadiza tana shan kunu.

Da babanmu ya dawo gab da damina ya fara faɗa, Kaka ta tare shi:

"Ka iske rumbu buɗe, ka iske ɗiyakka da rai. Wanne kaka so a musanya maka?"

Ya zauna ya ɗauki Hadiza.

Na girma ina jin mutane suna kwatanta lahira, na lura kowa abin da ya dame shi a nan yake kwatantawa. Kaka ba ta san zangon matattu ba, amma ta san surukarta. Yau Hadiza tana da gidanta a Illela, kuma mabuɗin rumbunsu a bakin zanenta yake.