Lorin Yaya Sidi ba mai turawa

Jama'a, tun safe jikina a mace yake. Kun san lorin wana, Yaya Sidi, mai zuwa Salaga, sai fasinjoji sun tura take tashi. Yau sabuwar bas ta shigo tashar Yendi, kujerunta da katifa, makulli kawai ake murɗawa. Kowa ya kwashi kayansa daga lorin ya koma cikinta. Ni ma na bi, saboda ciwon baya.

Ina sunkuye sai ga Yaya Sidi a taga.

Ya ce, "Hawa, kin manta ƙunshin goronki."

Na ce, "Yaya, bari in sauko."

Ya ce, "Yi zamanki."

Muka tashi. Na waiga, yana tura lorin shi kaɗai. Har Salaga ban ji laushin kujerar ba.