Hannun Kawu na Dama

Kawuna ya shekara ashirin da shida yana koyar da ilimin halittu a sakandare. Ɗalibai na kiransa Raba-Biyu, saboda yawan zana musu yadda ƙwayar halitta ke tsagewa ta zama biyu.

Wata safiya yana cikin zanen, alli ya suɓuce masa. Ya sunkuya zai ɗauka, yatsunsa suka ƙi kamawa. Ajin ya yi dariya.

A asibiti likita ya nuna masa hoton wuyansa. Ƙari ne ya tsiro, ya danne jijiyar da ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa zuwa hannu.

"Ƙwayoyin ne suke ta rabuwa ba tsayawa," in ji likitan.

"Na sani," Kawu ya ce a hankali. "Abin da nake koyarwa ke nan."

An cire ƙarin, amma hannun bai dawo ba. Yanzu matarsa ke ɓalla masa maɓallan riga. Duk wata uku yakan koma a duba ko abin ya sake tsirowa, kuma ranar zuwa ba ya iya cin komai.