Matiyu Dokas da Ƙwan Kunkurun Teku

Matiyu Dokas mutumin Pankshin ne. Yana cikin waɗanda gwamnati ta turo London ƙaro ilimi a 1975, lokacin da arzikin mai ya buɗe. Ya kama hayar gida a unguwar Catford tare da matarsa Scholastica, wadda ke aikin jinya.

A jami'a aka haɗa shi da Dokta Jane, mai bincike kan kunkurun teku. Ta bayyana masa cewa dabbar tana ƙarewa, shi ya sa masu kare ta a wani tsibiri suke kwashe ƙwanta su zuba a akwatunan soso, don kada karnuka da mutane su tone. Ita dai tana zargin akwatunan sun fi yashi sanyi, kuma tana son sanin abin da sanyin ke yi wa 'ya'yan.

Aka kawo ƙwai ta jirgi cikin danshin yashi. Matiyu ya raba su a na'urorin ƙyanƙyasa, wasu da ɗumi sosai, wasu kaɗan. Kowane ƙwai ya ɗiga masa fensir a sama, domin idan aka kifa shi, ɗan da ke ciki mutuwa zai yi. 'Yan'uwansa a coci suka riƙa tsokanarsa wai ya tsallako teku don ya zama kaza. Shi ma dariya yake yi.

Wata Asabar cikin hunturu ya leƙa ɗakin gwajin, ya tarar wuta ta ɗauke, Dokta Jane kuma ta yi tafiya. Ya buga wa Scholastica waya.

"Ki kwaso barguna da robobin ruwan zafin nan duka, ki hau bas yanzu."

Tare suka lulluɓe na'urorin, tana dafa ruwa a rishon mai gadin wurin, yana duba ma'aunin zafi, har wutar ta dawo da la'asar. Ƙwai kaɗan ne suka lalace.

Da aka ƙyanƙyashe, aka ga na wajen sanyi yawancinsu maza ne, na ɗumi kuma mata. Wato sanyin akwatunan na rage matan da za su yi ƙwai. Mutanen tsibirin suka bar akwatuna, suka koma binne ƙwai a yashi suna kewayewa da waya.

Abokansa sun riga shi komawa gida, sun samu manyan ofisoshi da motoci. Shi sai da aka kammala binciken ya koma, ya kama koyarwa a Jos. Ɗalibansa sun ce bai taɓa fara darasi a makare ba, amma tashi kam sai an tuna masa.