Tagwayen Bindigar Zarbat Mai Aski

A Darra, garin da kusan kowane gida ke ƙera bindiga, Zarbat Khan ne kaɗai bai iya miƙe ko ƙusa ba. Sau uku ubansa yana kai shi maƙera, sau uku ana dawo da shi da ƙunar yatsa, sai aka haƙura aka ba shi aska. Shekara talatin yana gyara gemun maƙera yana kushe sana'arsu, da aska a wuyansu yadda ba mai bakin musu. Shi fa ba ruwansa da bindigar da aka ƙera jiya a bayan masallaci. Tsofaffin bindigogin yaƙin duniya yake tarawa, na ainihi, masu ɗura wa kansu harsashi bayan kowane harbi. Shida ya rataye a zaurensa, kuma matarsa ta sha cewa da ita ake shafa wa man da suke sha, da yanzu sheƙi take.

Abokansa ba su taɓa yaba ko ɗaya ba, don ƙauna. A wurinmu in baƙo ya yaba abu a zaurenka, ya zama nasa, ko ka ba shi ko ka rasa inda za ka sa fuskarka. Saboda haka sai su shigo su kira shi Lala, wato yaya, su ce, "Lala, har yanzu ba ka zubar da tarkacen nan ba?" Shi kuwa ya yi ta washe baki.

Ta bakwai ce ta kusa zautar da shi. 'Yar Rasha ce mai cin harsashi goma, shekara goma sha tara yana cigiyarta, sai ga ta wajen wani direba da ya gaje ta. Zarbat ya bar mutum da rabin aski, ya ratsa kasuwa rungume da ita, takalmi ƙafa ɗaya. Ya yanka rago, aka gasa kitsen jela, ya gayyato duk wanda ya yi kuskuren haɗa ido da shi. Cikin waɗanda ya jawo har da Haji Mirak, kawun matarsa, tsohon da ya sauko daga duwatsun Tira neman maganin ido.

Abokai suka yi nasu. Wannan ya ce ta yi kama da muciya, wancan ya ce ko kaza ba za ta razana ba. Amma ran nan kushe bai ishi Zarbat ba, murna ta rufe masa ido. Ya ɗora ta a cinyar tsoho da hannunsa.

"Haji Sahib, don Allah dube ta. A'a, dube ta dai da kyau. Me ka gani?"

Tsoho ya shafa ta tun daga baki har ƙota. "Wallahi ɗana, tunda nake ban taɓa ganin mai kyanta ba."

Wani ya ƙware da shayi. Ran Zarbat bai so ba, amma bakinsa ya san aikinsa.

"Taka ce, Haji Sahib. Ba ni mako guda in goge maka ita."

Ana watsewa ya zarce wajen Ustad Niyaz Bat, maƙerin da ake cewa in ka ba shi keke zai ƙera maka ƙaninsa.

"Ustad, na kashe kaina!"

"Ai ina wurin, har na ci naman jana'izar. Kai da kake cewa aikinmu na wasan yara ne?"

"Na tuba. Askinka kyauta har ka mutu."

"Gashi nawa ya rage mini? Miƙo ta nan."

Kwana shida Ustad yana gurza ƙarfe, yana ƙera wata sak irinta. Ya buga hatimi, ya buga lamba, ya kwaikwayi tsagar da ke jikin ƙota, har tsatsar ƙarƙashin kunama sai da ya shuka mata. Rana ta bakwai ya shimfiɗa su biyu a kan bargo, ya kira maƙwabta su sha kallo. Wannan ya ɗauka ya jinjina, wancan ya karɓa ya miƙa wa na kusa, aka yi ta zagayawa da su ana tafi. Da suka dawo kan bargo, Zarbat ya ce, "To, wacce ce tawa?"

Ustad ya duba ta dama, ya duba ta hagu, ya sa tabarau, ya cire. Sai ya fashe da dariyar alfahari har da riƙe ciki.

"Na rantse da Allah ni ma ban sani ba!"

Suna cikin wannan Haji Mirak ya iso da sandarsa. Kunya ta kama Zarbat, ya zayyana masa komai, kansa a ƙasa. Tsoho ya yi dariya har rawaninsa ya zame.

"Ni da kerkeci nake fama, ɗana, ba da tarihi ba. A fita da su titi."

Aka fita, kamar yadda ake gwada kowace bindiga a garin, baki a sama. Ta farko ta zazzage goma cif, tantabaru suka watse. Ta biyu ta yi uku ta cije. Haji ya rataya mai lafiyar, ya sa albarka, ya nufi tasha.

Zarbat ya rungume wadda ta cije yana tsalle a tsakiyar titi.

"Tsufa ne! Jama'a kun gani, tsufa ne! Sabuwa ai ba ta cijewa! Tawa ce!"

Ya sumbace ta, ya sumbaci sanƙon Ustad, ya aika a kamo wani ragon. Ana cikin ci Ustad ya matso yana sosa ƙeya.

"Lala, akwai wata 'yar waya ta cikin bindigar da na rasa sabuwarta ran Laraba, sai na ɗauko wata tsohuwa na..."

Zarbat ya cusa masa tsokar nama a baki.

Yau shekara goma sha ɗaya ke nan. Bindigar na rataye a sama da sauran shida, tana shan mai kowace Juma'a. Ustad yana zuwa aski duk sati, kuma a nan ne kawai za ka ga Zarbat, sarkin surutu, ya fara shafa masa kumfa tun daga leɓe. Mutanen gari sun ɗauka wasa ne. Matarsa ce kaɗai ta san cewa bai sake yarda an harba bindigar ba, bai kuma taɓa kwance ta ya leƙa cikinta ba.